Hannun Tierney, Sunan Haskell

Kowace safiya Delia ce ke saka wa mahaifinta maɓallan riga, kuma kowace safiya sai sun yi faɗa a kai. Owen Tierney ya haura saba'in, amma ba tsufa ne ya hana shi yi da kansa ba, yatsunsa ne. Goma ne cif, bai rasa ko ɗaya ba, sai dai babu guda biyu da suka yarda su kalli gefe ɗaya. Wannan ya karkace dama, wancan ya lanƙwashe hagu, gaɓoɓin sun kumbura kamar citta. Haka suke tun yana saurayi, lokacin da yake tsayawa bayan mai bugu a wasan besbol yana cafe ƙwallo da tafin hannu tsirara, don a zamaninsu ba a san safar fata ba, balle ragar ƙarfen da 'yan yanzu ke kifawa a fuska.

"Baba, tsaya mana. Sai motsi kake yi kamar yaron da za a kai coci."

"Ke dai yi sauri, shayina zai huce."

A watan Yuni ne na shekarar 1921. Da ta gama, ta zauna ta buɗe jaridar garin tana karanta masa kamar yadda ta saba, don idonsa ya daina ganin ƙananan haruffa. Ta wuce farashin gawayi, ta wuce waɗanda suka mutu. Sai ta zo kan babban labari, muryarta ta fara ja baya tun kafin ta kai tsakiya. Ranar Asabar garin Ashby Falls zai buɗe sabon filin wasa, don cika shekara hamsin da ranar da ƙungiyar Taurari ta doke 'yan birni. Za a sa masa suna Filin Haskell, don girmama Lyman Haskell, gwarzon mai cafe da ya tsaya da karyayyen yatsa har ƙarshen wasa.

Owen ya ajiye kofi a hankali.

"Sake karanta wurin yatsan nan."

"Baba, ka ji ai."

"Na ce ki sake."

Ta sake. Ya ɗaga hannunsa na dama, ya ƙura wa yatsan tsakiya ido, wanda ya fi duka karkacewa, kamar yana jira ya yi magana.

Ga yadda abin ya faro, ga wanda bai san garin nan a da ba. Ƙungiyar Taurari ta 'ya'yan masu hannu da shuni ce. Dokar wasa a lokacin ta ce ba mai buga wa ƙungiya sai ɗan ƙungiya, in abokan karawa suka gano baƙo a cikinku, alƙalin wasa ya soke nasarar, a yi muku dariya har shekara ta zagayo. Su kuwa Taurari ba sa karɓar leburorin masaƙa, balle ɗan ƙasar Ayalan da ubansa ya sauko daga jirgin ruwa da buhu ɗaya a kafaɗa. To amma girman kai ba ya cafe ƙwallo. A cikinsu kaf babu wanda zai iya tsayawa bayan mai sandar bugu ba tare da ya tafi gida da haƙoransa a aljihu ba, ga kuma wani yaro a farfajiyar masaƙa, Owen ɗan gidan Tierney, da ƙwallo ke liƙe wa a hannu kamar an shafa ƙaro.

Lyman Haskell ɗan mai masaƙar ne. Ɗan ƙungiya ne na gaske, yana son farar rigar, yana son walimar da ake yi bayan wasa, amma da ƙwallo ta nufo shi sai ya runtse ido ya kauce. Shi ya kawo dabarar da kansa. Owen zai riƙa zuwa ƙofar kicin ta bayan gidan su Lyman ya karɓi riga da hula, ya shiga fili da sunan Haskell, in an tashi uwarsa ta wanke ya mayar. Garin gaba ɗaya ya sani, garin gaba ɗaya kuma ya rufa asiri. Duk cafen da ya yi, sai mutane su ɗaga murya da gangan don baƙi su ji: "Haskell! Haskell!" suna ƙyafta wa juna ido. Uwar Owen ma Haskell take ihu. Ellen da ya aura daga baya, ita ma da wannan sunan ta fara yi masa tafi. Abin dariya ne a lokacin, wasan gari guda a kan 'yan birni. Da yake kowa ya sani, babu wanda ya ga dalilin rubutawa. Ga shi kuma mutuwa ta bi masu sanin ɗaya bayan ɗaya ta kwashe.

"Ba ni hulata," in ji Owen.

"Ina za ka?"

"Wurin wanda ya rubuta ƙaryar nan."

"Baba, ni na yarda kai ne. Mama ta faɗa mini tun ina ƙarama. Bai isa ba?"

"Bai isa ba."

Editan jaridar, Cyrus Vandermark, shi ne kuma shugaban kwamitin biki. Ba ɗan garin ba ne, aiki ya kawo shi, kuma a gaskiya ba mugun mutum ba ne. Abin da ya fi ƙona ran Owen ke nan. Da ya yi masa wulaƙanci da ya san yadda zai yi da shi. A'a, kujera ya ba shi, ya saurare shi har ƙarshe yana gyaɗa kai, sannan ya tashi ya ɗauko tsohuwar jarida da ta yi ja don tsufa, da wani hoto a cikin gilashi.

"Duba nan, Mista Tierney. Mai cafe, L. Haskell. Ga shi kuma a hoton ƙungiya, na biyu daga hagu."

"Ai dole ya fito a hoto. Rigarsa ce. Ranar hoto ni ina gindin inji."

"Na ji. Amma ka ga ni da takarda nake aiki."

Owen ya miƙa hannayensa biyu ya shimfiɗa su a kan teburin, bisa jaridar.

"To karanta wannan."

Vandermark ya dube su, ya ɗan kau da kai, ya yi gyaran murya.

"Kada ka ji haushina. Rabin tsofaffin masaƙa haka hannunsu yake. Inji ma yana karya yatsa."

Owen ya ji maganar nan har ƙashinsa. Shekara arba'in ya yi a masaƙa inji bai taɓa cizonsa ba, yana alfahari da haka, yau ga wani da ko sandar wasa bai iya riƙewa ba yana neman ba wa inji aikin da ƙwallo ta yi.

"Kawo mini mutum ɗaya mai rai da ya gani da idonsa," in ji Vandermark. "Ɗaya tak. Na yi maka alkawari zan kai maganar gaban kwamiti."

"Sai dai ka ɗauko shebur mu zagaya bayan coci. Suna can jere, mai jifa da masu tsaron fili da uwata da matata. Duk za su gaya maka."

"Ba kowa da ya rage?"

Akwai wanda ya rage, shi ne kuma wanda Owen bai so ya tuna ba.

Washegari da hantsi ya hau tudu zuwa gidan Haskell, yana tsayawa yana hutawa yana zagin tudun. Ƙafarsa ta so ta bi ta baya wajen kicin, inda ta saba. Ya yi tsaki ya juyo da ita, ya hau matakalar gaba, ya buga babbar ƙofa da gefen hannu. 'Yar aikin da ta buɗe ta dube shi sama da ƙasa, ta ce ba a ɗaukar mai gyaran lambu.

"Ki ce masa mai rigarsa ne ya zo."

Ya tarar da Lyman a baranda cikin keken guragu, an rufa masa bargo a gwiwa duk da zafin da ake yi. Ya rame, gashin ya tafi, amma murmushin nan na yaron da bai taɓa rasa komai ba yana nan. Da ya ga Owen fuskarsa ta washe, kuma da gaske ya yi murna.

"Owen! Tsohon banza, ashe ba ka mutu ba?"

"Jana'izarka nake jira. An ce za a raba nama."

Lyman ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya sa aka kawo shayi da biskit. Ya tambayi Ellen, Owen ya ce ta daɗe a ƙasa. Ya tambayi masaƙa, ya tambayi ciwon baya, ya tambayi duk abin da ke duniya ban da abu ɗaya. Owen ya bar shi ya gama zagaye-zagayensa.

"Na ji za a ba ka fili."

Lyman ya sunkuya yana juya cokali a kofi.

"Ɗana ne ya ba da ƙasar. Ni ban roƙa ba."

"An ce yatsanka ya karye. Wanne ne? Nuna mini in yi maka jaje."

"Haba Owen."

"A'a, nuna mini. Shekara hamsin ina ɗauke da ciwon wani, gara in san mai shi."

Da Lyman ya fara magana, ba Owen yake kallo ba, bishiyoyin lambu yake kallo.

"Ka san ba shiryawa na yi ba. Na je birni kan harkar auduga, wani ya ji sunana ya ce, kai ne Haskell ɗin da ya cafe mana wasa? Ya saya mini giya. Na yi dariya kawai, na ɗauka in na dawo zan ba ka labari mu yi dariya tare. Daga nan wani ya faɗa wa wani. Matata da labarin ta san ni kafin ta ga fuskata. Yara suka taso da shi. Jikokina suna zuwa su riƙe hannuna su ce, Kaka, wanne ne ya karye? In ce ya warke." Ya haɗiye yawu. "Na rantse maka ban taɓa buɗe baki na ce ni ne ba."

"Ba ka kuma taɓa cewa ba kai ba ne."

"Haka ne."

Owen ya zo da faɗa cike da baki, ya kwana yana jera zagin da zai yi. Sai ga shi mutumin ya amsa komai ba gardama, ya bar shi da zagi a ciki ba wurin saukewa. Wannan ya ƙara masa takaici.

"Me kake so in yi?" in ji Lyman. "An riga an zuba allon tagullar da za a kafa a filin. Sunan yana jiki."

"Ku riƙe allonku. Ku riƙe filin, ƙasar ɗanka ce. Ni abu ɗaya nake so. A faɗi sunana sau ɗaya a gaban mutane, ina da rai, 'yata tana ji. Owen Tierney. Ba shi da tsawo, ba zai gajiyar da kai ba. Shekara huɗu na yi ina ɗaukar naka, ko sau ɗaya ban yar da shi a ƙasa ba. Ɗauki nawa na minti ɗaya."

Idon Lyman ya ciko.

"Za su ba ni in yi magana ranar Asabar. Zan faɗa."

"Lyman, kada ka runtse ido."

"Na ce zan faɗa."

Suka yi musafaha. Hannun Lyman laushi gare shi kamar ƙullun burodi, ya nutse cikin karkatattun yatsun Owen ya ɓace.

Ranar Asabar, a karo na farko, Owen ya tsaya cak Delia ta saka masa maɓallai ba tare da ya ce uffan ba. Kwat ɗin zuwa coci ya sa. Ya sa ta goge masa takalmi, ya kuma ce ita ma ta sa rigarta mai kyau.

"Baba, kada ka sa rai da yawa."

"Ya yi alkawari."

"Su Haskell sun yi wa masaƙa alkawarin tagogi tun ina goye."

"Ke dai ba ki da aiki sai ɓata wa mutum rai. Ɗauko laima mu tafi."

Filin ya cika maƙil. An jera benci hawa-hawa na sabon katako, 'yan badujala suna ta busa, masu soyayyar gyaɗa suna ratsa mutane. Kujerun gaba na manyan gari ne, don haka Owen da Delia suka samu wuri can sama, tsakanin mutanen da ba su sani ba. Mafi yawansu ma ba a haife su ba lokacin da aka yi wasan da suka zo tunawa. A ƙasa samarin ƙungiyar yanzu suna ɗumama jiki. Owen ya hango mai cafensu, an naɗe shi da sulke tun daga ƙirji har ƙwauri, ga raga a fuska, ga safar fata kamar matashin kai.

"Dubi wancan. Yaƙi za shi ko wasa? Da wannan kayan ai ke ma kya cafe."

"Baba, rage murya."

Aka turo Lyman tsakiyar fili, ɗansa a gefe, jikoki a bayansa cikin fararen kaya. Aka yaye ƙyalle daga kan allon tagulla, aka yi tafi. Sannan Vandermark ya ɗauki ƙahon magana ya ba da labarin ranar. Ya iya ba da labari, ba za a hana shi wannan ba. Ya faɗi yadda ƙwallo ta goga sanda ta kauce ta fasa yatsan mai cafe har ƙashi ya leƙo, yadda aka ce ya fita ya ƙi, yadda ya yagi gefen rigarsa da haƙori ya ɗaure ya koma ya durƙusa. Ya faɗi ƙwallon ƙarshe da ta tashi sama ta ɓace cikin rana, mai cafe ya bi ta da gudu har jikin shinge ya kama da hannun nan mai jini. Duk daidai ne. Owen ya ji yatsan yana zogi kamar jiya aka yi.

Aka kara wa Lyman ƙahon a baki. Owen ya damƙi hannun Delia.

"Saurara. Yanzu ne."

"Mutanen Ashby Falls," in ji Lyman. "Akwai abin da ya kamata in faɗa muku game da ranar nan."

Ya tsaya. Filin ya yi tsit. Ya ɗaga kai yana bin bencina da kallo har ya kai can sama, Owen kuma ya tabbata ya gan shi. Sai ƙaramar jikarsa ta matso ta kwantar da kai a kafaɗarsa, mata suka yi ta cewa wayyo, ɗansa ya dafa shi yana murmushi. Lyman ya runtse ido.

"Ba ni kaɗai ba ne," ya ce. "Mutane da yawa sun sha wahala a ranar, waɗansu an manta da su. Na gode. Na gode muku duka."

Ya ture ƙahon, ya tura hannayensa biyu ƙarƙashin bargo.

Aka ɓarke da tafi. Wata mata a gefen Delia tana share hawaye tana cewa, "Kin ji tawali'u! Irin mutanen da ke nan."

Owen bai motsa ba. Da ƙaryata shi aka yi da ya fi masa sauƙi. An zo dab da bakin ƙofa, an taɓa ta, an juya. Ya saki hannun Delia.

"Waɗansu," ya ce. "Kin ji sabon sunana. Waɗansu."

"Tashi mu tafi gida, Baba. Wallahi ba zan zauna in kalli wasansu ba."

Tana tattara laima da jaka ke nan Vandermark ya sake ɗaga ƙaho.

"Jama'a! An ce a ranar nan garin nan gaba ɗaya murya ɗaya ya yi. Ku zo mu mayar wa gwarzonmu da ihun da ya ji shekara hamsin da suka wuce!"

Daga ƙasa aka fara, ya hau benci bayan benci. Ana buga ƙafa a katako, ana raba sunan biyu, daidai yadda ake yi a da, kamar wani ya koya musu.

"Has-kell! Has-kell! Has-kell!"

Owen bai yi shawara da kowa ba, ko da kansa. Gwiwoyin da sai an ja shi suke miƙewa suka miƙe da kansu. Hannun hagu ya cire hula. Na dama ya tashi sama, tafin a buɗe, karkataccen yatsan yana tsaye a rana, yadda ya ɗaga shi a jikin shinge ranar da uwarsa da Ellen ke cikin masu ihun. Ransa a ɓace yake, hawaye na bin kuncinsa, amma ƙirjinsa ya buɗe, kafaɗunsa sun daidaita. Shi kaɗai ne a tsaye a duk layin.

Wani ƙato a bayansa, da gyaɗa cike da baki, ya ja masa gindin kwat.

"Kai tsoho, zauna mana! Ka tare mana Haskell."

Na kusa suka yi dariya. Delia ta juya kamar za ta kwaɗa wa mutumin laima, sai ta ga mahaifinta yana neman faɗuwa, ta saki laimar ta tare shi. Ta zaunar da shi, ta karɓi hular ta mayar masa a ka. Can ƙasa ana tura keken Lyman zuwa inuwa, kansa a sunkuye, ihun bai tsaya ba.

"Haba Baba," ta ce, muryarta ta karye. "Bayan abin da ya yi maka? Me ya sa ka tashi?"

Owen ya sauke hannun a kan gwiwarsa, ya dube shi, ya dube ta.

"Kirana suka yi."